Yarona yana tafiya da kyau da safe, da yamma ƙafa ta ƙi: gajiya ce ko galahangar ce ke ƙaruwa?

Tambaya daga wata uwa a Zariya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana da kuma iyayen da suka riga ni shiga wannan hali. Yarona yana da shekara takwas, bakwaini aka haife shi, kuma tun yana ƙarami likitoci suka tabbatar mana cewa yana da larurar galahanga (raunin ƙwaƙwalwa tun jarirantaka da ke shafar motsin jiki), irin wadda ta fi kama ƙafafu biyu, hannuwansa kuwa lafiya lau in ban da ɗan nauyi wajen rubutu. Bai fara takawa da kansa ba sai da ya kusa shekara huɗu, bayan doguwar zirga-zirga zuwa sashen gashi. Alhamdu lillahi yanzu yana tafiya ba tare da an riƙe shi ba, sai dai wajen hawa matakala dole ya sami abin dafawa.

Abin da ya dame ni shi ne bambancin da ke tsakanin tafiyarsa ta safe da ta yamma. Idan zai fita makaranta da safe yana miƙewa sosai, dunduniyarsa tana kusan taɓa ƙasa, har mutum ya ce larurar ba ta da yawa. Amma idan aka tashi, kafin ya iso gida gwiwoyinsa sun lanƙwashe suna gogar juna, bakin takalminsa na hagu yana jan ƙasa har ya cinye, yana tuntuɓe a inda babu ko tsakuwa, yana kuma haki da gumi alhali yayyensa da suka taho tare ko a jikinsu. Zuwa Islamiyya da la'asar kuwa ya zama rigima kullum.

Kakarsa ta ce son jiki ne da sangarta, hujjarta ita ce bayan magariba za a gan shi yana wasa da 'yan'uwansa a tsakar gida. Mahaifinsa yana ganin a ƙara masa tafiya domin ƙafar ta yi ƙwari. Ni kuma tsorona kada larurar ce take ci gaba ba mu sani ba. Shin gajiya kaɗai tana iya sauya tafiyar yaro har haka? Kuma wanne ya fi, a matsa masa ko a hutar da shi?

Amsa daga likitan fisiyo (likitan sashen gashi)

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara masa lafiya, ya ba ki ladan ɗawainiya. Ba zan iya yanke hukunci kan yaron da ban gani ba, amma abin da kika kwatanta sananne ne ƙwarai a wurin masu duba irin waɗannan yara, kuma yana da bayani.

Da farko, raunin da ya sami ƙwaƙwalwa a galahanga ba ya ƙaruwa. Abin da yake sauyawa shi ne tsoka da ƙashi da gaɓɓai yayin da yaro yake girma. Saboda haka ma'auni mafi sauƙi da za ki riƙe shi ne wannan: duk sauyin da barcin dare yake gogewa, yaro ya wayi gari a miƙe kamar jiya da safe, to mafi yawa gajiya ce. Sauyin da yake nan ko da safe, yana kuma ƙaruwa wata bayan wata, shi ne wanda ke nuna cewa wani abu ya canza a jikin.

Batun son jiki kuwa, an auna wannan abu a aikace. Ana sa wa yaro abin rufe hanci da baki mai auna yawan iskar oksijin da jikinsa yake sha yayin tafiya, sannan a kwatanta da na sa'o'insa. Abin da ake samu shi ne mai galahanga yana iya kashe ƙarfin da ya ninka na sa'ansa sau biyu, wani ma har sau uku, a kan tazara iri ɗaya, gwargwadon tsananin larurar. Wato idan ya iso gida tare da yayyensa, hanya ɗaya suka biyo amma ba aiki ɗaya suka yi ba.

Dalilan suna da yawa kuma suna haɗuwa. A jikin mai lafiya, idan tsokar gaban cinya ta ja, ta bayan cinya takan saki domin gwiwa ta miƙe. A jikin mai galahanga saƙon da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa ba ya rarrabewa da kyau, sai tsokokin biyu su ja a lokaci guda, kamar mai tuƙa keke yana danne da birki. Bayan haka tsokokin kansu sun fi ƙanƙanta kuma sun fi rauni, musamman ta sharaɓa da ta ɗuwawu, ko da yake ƙagewar da ake ji idan an taɓa ƙafar takan sa iyaye su zaci ƙarfi ne. Ga kuma aikin tsare jiki daga faɗuwa, wanda sauran yara suke yi ba tare da sun sani ba, shi kuwa sai ya sa hankali da ido a kowane taku.

Lanƙwashewar gwiwa ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Mutum idan ya tsaya gwiwa a miƙe, ƙashi da jijiyoyin gaɓa ne ke ɗauke da yawancin nauyinsa, tsoka tana ɗan hutawa. Da zarar gwiwa ta lanƙwashe, nauyin ya koma kan tsokar gaban cinya, kuma iya zurfin lanƙwasar iya ninkuwar aikin. Ki roƙi mahaifinsa ya tsaya ya lanƙwasa gwiwoyinsa kaɗan, ya yi minti biyu a haka ba tare da ya dafa komai ba, zai ji yadda cinya take zafi tana rawa. To a nan ne abin yake zagayawa: tsoka ta gaji sai gwiwa ta ƙara sauka, gwiwa ta sauka sai aikin tsoka ya ƙaru, sai gajiyar ta ƙara sauri. An lura da wannan a ɗakunan nazarin tafiya, inda yara masu tafiya a lanƙwashe suke ƙara durƙushewa bayan 'yan mintuna kaɗan na tafiya ba tsayawa. Jan bakin takalmi ma daga nan yake, domin tsokar gaban ƙwauri da ke ɗaga yatsu ta gaji, ƙafar kuma ba ta samun tazarar da za ta wuce ƙasa. Daga nan sai taku ya gajarta, gangar jiki ta riƙa rangaji dama da hagu, tuntuɓe ya yawaita.

Akwai wani abin mamaki a nan. Idan aka zaunar da irin waɗannan yara aka ce su tura ƙafa da iya ƙarfinsu sau da yawa a jere, sau tari ƙarfinsu ba ya faɗuwa da sauri kamar na sauran yara, saboda tun farko ba sa iya tayar da tsokar gaba ɗayanta. Matsalar ita ce ƙarfin nasu kaɗan ne, tafiya ta yau da kullum kuma tana cin kaso mai yawa daga cikinsa. Abin da sa'ansa yake yi da ɗan abin da ke hannunsa, shi sai ya kusa zazzage duk abin da yake da shi, babu rarar da zai dogara da ita idan rana ta yi.

Hujjar kakarsa gaskiya ce ta gani, fassarar ce ba daidai ba. Wasan tsakar gida na ɗan lokaci ne, ya ruga ya zauna, ya rarrafa, ya jingina da bango, ga sanyin yamma, ga shi ya riga ya huta. Hanyar makaranta kuwa tafiya ce a jere a kan rairayi da kwazazzabai, da jaka a baya, cikin rana, yana ƙoƙarin kamo yara masu sauri. Ba a haɗa su.

Shawarar da zan ba ki kafin ku koma asibiti ita ce ki ɗauki bidiyonsa da waya, ɗaya da safe ɗaya bayan ya dawo, daga gefe da kuma daga gaba, yana sanye da gajeren wando domin a ga gwiwa da idon sawu. Mu a asibiti yawanci da safe muke ganin yara, an kawo su a mota ko a goye, su yi 'yan taku a kan shimfiɗaɗɗen siminti, sai mu rubuta cewa tafiya ta yi kyau. Yaron ƙarfe biyu na rana ba ma ganinsa sai kun nuna mana. Ki kuma nemi a yi masa gwajin tafiyar minti shida, inda ake auna nisan da ya ci da bugun zuciyarsa kafin ya fara da bayan ya gama, a rubuta, a maimaita bayan wasu watanni. Ba ya buƙatar wata na'ura sai agogo da dogon baranda.

Amsa daga wani uba a Maraɗi

'Yar'uwa, Allah ya sa kaffara ne. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, amma ɗiyata tana da wannan larura a ɓarin dama, sakamakon ciwon shawara da ya yi mata tsanani tana jaririya, kuma mun sha fama da batun gajiya. Abin da zan ƙara a kan bayanin Likita shi ne kada a jingina komai ga galahanga. Yaranmu suna kamuwa da duk abin da sauran yara suke kamuwa da shi, sai dai a wurinsu a ƙafa yake fara bayyana.

Akwai lokacin da tafiyar yarinyar ta lalace, tana faɗuwa, tana kwanciya tun kafin azahar, muka ɗauka ƙafar ce. Da aka auna jininta sai aka tarar ya yi ƙasa sosai bayan zazzaɓin cizon sauro da ta yi ta yi a damina. Aka ba ta magani, aka gyara abinci, tafiyar ta dawo ba tare da an taɓa ƙafar ba. Haka nan idan yaronki yana shan maganin farfaɗiya, musamman fenobabiton, ko maganin sassauta ƙagewa irin su baklofen da diyazefam, duk suna kawo kasala da barci. Ba a daina su da ka, domin yanke su farat ɗaya yana da haɗari, amma ana iya gaya wa likita ya duba yawansu da lokacin shansu. Ki duba barcinsa ma, ko ciwo yana tashinsa da dare, ki duba kuma ko yana karyawa da kyau kafin ya fita, domin da yawa daga cikinsu suna da jinkirin ci, a yi ta gaggawar makaranta su fita da rabin ciki.

A ɗaya ɓangaren kuma ina ganin mahaifinsa bai yi kuskure gaba ɗaya ba, kuma ina tsoron kada a karanta bayanin Likita a fahimci cewa hutu shi ne magani. Na ga abin da kwanciya take yi. Lokacin da rashin lafiya ya kwantar da ɗiyata na wasu makonni, da ta tashi agararta ta ƙage, dunduniya ta daina sauka, sai da aka yi watanni ana gashi kafin ta koma inda take. Jikin waɗannan yara yana saurin mantuwa. Don haka a ganina ba zaɓi ba ne tsakanin matsawa da hutarwa. Abin da muka yi shi ne muka raba tafiyar: da safe da sanyi tana zuwa da ƙafarta, da rana kuma ina ɗauko ta a babur, jakarta tana hannun yayarta, sannan da yamma bayan ta huta ta yi motsa jikin da aka koya mata.

Amsa daga wata malamar makaranta mai larurar

Hajiya, ni da kaina nake ɗauke da wannan larura, a ƙafafu biyu kamar yaronki, kuma yanzu na haura shekara talatin ina koyarwa. Zan gaya miki yadda abin yake daga ciki, tunda yaro ɗan shekara takwas ba lallai ne ya iya kwatantawa ba.

Gajiyar ba irin ta mai jin barci ba ce. Ƙafa ce take daina jin magana. Kana so ka ɗaga yatsu su ƙi ɗaguwa, kana ganin dutse a gabanka ka san za ka buge shi amma ƙafar ba ta kauce a kan lokaci ba. Idan kuma aka daka maka tsawa cewa ka yi sauri, ko ka ji yara suna dariya a baya, sai jiki ya ƙara ƙagewa, domin tsoro da kunya suna ƙara ƙagewar. Shi ya sa faɗa ba ya gyara tafiyar, ƙara ɓata ta yake yi. Kukan da yake yi a kan Islamiyya mai yiwuwa ba ƙin karatu ba ne, lissafin hanya yake yi.

Abin da iyaye ba su cika lura da shi ba shi ne gajiyar ba a ƙafa take tsayawa ba. Ina firamare nakan isa aji na riga na ƙare, darasin farko ya wuce ina mayar da numfashi, hannuna yana rawa a kan fensir. An ɗauke ni marar ƙoƙari, alhali ƙarfin da zan yi karatu da shi na bar shi a hanya. Ki tambayi malaminsa yadda yake a darasin farko da na ƙarshe, ki kuma nemi a mayar da ajinsu ƙasa idan a bene yake, a kusa da bayan gida, a bar shi ya zauna lokacin taron safe. Wannan ba roƙon alfarma ba ne, domin dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sanya wa hannu a Najeriya a watan Janairun 2019 ta tanadi haƙƙinsu na ilimi da na shiga gine-ginen jama'a, ko da yake aiwatar da ita har yanzu da saura.

Sai maganar da na san ba ta da daɗin ji. A gidanmu an ɗauki sanda da keken guragu a matsayin karaya, aka hana ni su, na yi ta tafiya mai nisa a lanƙwashe, yau gwiwoyina suna biyan bashin. Da a ce an bar ni ina hawa keke zuwa wuri mai nisa, ina tafiya da ƙafata a gida da cikin makaranta, ina ganin da na fi haka yanzu. Yaron da ya isa biki ko kasuwa a keke ya sauka da ƙarfinsa ya shiga cikin yara ya fi wanda ya iso da ƙafa ya zube a gefe yana kallo.

Uwar yaron ta sake rubutowa

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa mahaifinsa, ya kuma gwada tsayuwar da Likita ya ce, bai kai ƙarshenta ba. Akwai abin da ban ambata ba: yaron ya yi tsayi sosai a bana, kuma takalmin robar da aka yi masa mai tallafar idon sawu ya fara matse shi har yana barin ja a bayan dunduniya, shi ya sa wani lokaci yake cire shi a makaranta. Likita, ko wannan yana da alaƙa da abin? Kuma ina tsoron abin da Malama ta faɗa, kada ya saba da keke ya daina tafiya gaba ɗaya.

Amsa ta biyu daga likitan fisiyo

Hajiya, wannan da kika ƙara yana da muhimmanci sosai. Idan yaro ya miƙe da sauri, ƙashi yana riga ƙagaggiyar tsoka tsawo, sai ta bayan cinya da ta sharaɓa su ƙara ɗaurewa, nauyin jiki kuma ya ƙaru fiye da yadda ƙarfin tsoka ya ƙaru. Shi ya sa ake sa ido sosai a lokutan girma, musamman gab da balaga. Takalmin da ya matse kuwa ya gama aikinsa, jan da bai ɓace ba bayan kusan rabin awa da cirewa alama ce ta cewa yana cutar da fata. Ku koma inda aka yi shi a sake aunawa, idan kuma babu hali a kusa, asibitocin koyarwa da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano suna da masu wannan aiki. Takalmin da ya dace yana rage jan yatsu, a wasu yaran ma yana rage ƙarfin da tafiya take ci. Ku nemi a auna miƙewar gwiwa da idon sawu, a kuma duba ko lokacin hoton ƙugu ya yi, domin gocewar ƙashin ƙugu takan fara ba tare da ciwo ba.

Game da keken guragu, yadda kika kwatanta yaron ya yi kama da mataki na biyu a cikin matakai biyar na ma'aunin motsi da masana a Kanada suka fitar a 1997, wato mai tafiya da kansa amma nisa da gargada da matakala suna ba shi wahala. Bayanin wannan mataki da kansa ya ambaci cewa irin waɗannan yara suna iya amfani da abin hawa mai taya idan tafiya ta yi nisa. Abin da ke kashe tafiya shi ne zama babu motsi, da ƙagewar gaɓɓai, da ciwo, da ƙiba. Damuwar Malama kuma tana da tushe, domin wani bincike da aka yi a Norway a kan manya masu galahanga ya nuna cewa fiye da kashi 40 cikin ɗari sun ce tafiyarsu ta ja baya, da yawansu tun kafin shekara 35, kuma ciwo da gajiya suna cikin abubuwan da suka danganta hakan da su.

Ina tare da ɗan'uwanmu na Maraɗi cewa hutu kaɗai ba magani ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2020 ta sanya yara masu larura cikin waɗanda ake so su sami kimanin minti 60 na motsa jiki a rana, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana uku a mako, gwargwadon halinsu. A da ana tsoron cewa ƙarfafa tsoka zai ƙara ƙagewa, amma bincike bai tabbatar da wannan tsoro ba. Tashi da zama daga kan kujera, hawa dakali da sauka, tuƙa keke, duk suna da amfani idan an yi su lokacin da yake da ƙarfi, a tsaya kuma da zarar tafiyar ta fara lalacewa. Tafiyar da ake yi bayan gwiwa ta riga ta durƙushe ba ta gina komai sai nauyi a kan ƙoƙon gwiwa.

Akwai alamun da ba a jira da su: ya rasa abin da ya iya a da ko da ya huta, sabon rauni ya bayyana a hannu ko a ɓari ɗaya, fitsari ya fara kufce masa, ciwon ƙugu ko na baya ya hana shi barci, ko ciwon kai da amai su dame shi. Waɗannan ba gajiya ba ce, a kai shi ga likitan yara da wuri. Ga sauran iyaye masu karantawa kuma, akwai wata cuta da ba ta da yawa, wadda likitan Japan Masaya Segawa ya bayyana a shekarun 1970, tana kama da galahanga, yaro ya tashi garau da safe ƙafa ta murɗe da yamma, kuma tana jin maganin lebodofa sosai. Yaron da aka haifa bakwaini kamar naki ya fi kusa da galahanga ta gaskiya, amma wanda aka haifa lafiya a kan lokaci, bai yi ciwon shawara mai tsanani ko sanƙarau ba, ya fara tafiya daidai sannan ta lalace, ya kamata iyayensa su tambayi likitan ƙwaƙwalwar yara ko ya dace a gwada masa wannan magani.